Sabunta manhajar sa ido da gano lahani a cikin na'urori masu ƙwaƙwalwa: misalin firigon rigakafi da pampon hasken rana a Tawa da arewacin Adar

Gabatarwa

Wannan maƙala tana magana ne a kan wani aiki da ba a ganinsa da ido, wato sabunta manhajar da ke cikin ƙananan na'urori masu sa ido ga aikin injuna da gano lahaninsu. Mun zaɓi birnin Tawa da arewacin Adar domin a nan nisan hanya, da zafi, da ƙura, da yankewar kuran sukan haɗu su mai da ƙaramin kuskure babbar asara. Za mu ɗauki misalai biyu da kowa ya sani: firigon ajiye allurar rigakafi a cibiyar kiwon lafiya, da akwatin da ke sarrafa pampon hasken rana a bakin foraji. Abin da muke son nunawa shi ne, sabunta manhaja gyara ne kamar kowane gyara, yana da mai yinsa, da lokacinsa, da kuɗinsa. A wurin da mai gyara yake nesa kuwa, sabuntawa mai kyau ita ce wadda ke barin na'ura ta koma ga tsohuwar manhajarta idan sabuwar ta ƙi aiki.

1. Kalmomin aiki

Tun da yake yawancin takardun waɗannan na'urori da Faransanci suke zuwa hannun ma'aikatanmu, ya kamata mu fara tsai da kalmomin da za mu yi amfani da su.

Na'ura mai dasasshiyar ƙwaƙwalwa ita ce wadda aka sa wa ƴar ƙaramar kwamfuta a ciki domin aiki guda tak. Da Faransanci ana cewa «système embarqué». Ba ta da madannai masu yawa, sau da dama ma ba ta da allo, sai ƴan fitilu biyu ko uku. Manhajar ciki, wato «micrologiciel», ita ce jerin umurnin da aka rubuta mata, wanda ke zaune cikin ƙwaƙwalwar ko da an ɗauke wuta.

Sa ido, «surveillance», shi ne auna abu a kai a kai da rubuta shi cikin rajista. Gano lahani, «diagnostic», shi ne duba abin da aka auna domin a faɗi dalilin matsala. Bambancin yana da muhimmanci. Na'urar da ta ce zafin firigo ya kai digiri 11 ta yi sa ido. Wadda ta ƙara da cewa injin sanyi bai tashi ba alhali rana tana tsaka, ita ce ta fara gano lahani.

Saiti, «réglage», lambobi ne da ma'aikaci ke iya canzawa ba tare da taɓa manhaja ba, kamar mintocin da pampo zai jira kafin ya sake tashi. Sabuntawa kuwa, «mise à jour», ita ce a cire manhajar ciki, duka ko wani sashe nata, a sa wata a madadinta.

2. Na'urori biyu na Adar

2.1. Firigon rigakafi

Ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya, OMS, ita ce a ajiye allurar rigakafi a cibiyar kiwon lafiya tsakanin digiri 2 da digiri 8. A Tawa, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a inuwa yakan wuce digiri 40. Ke nan aikin firigo shi ne ya riƙe tazarar da ta fi digiri 30 da rana. Tsofaffin firigo da kananzir ko gaz suke aiki, kuma ma'aikaci ne kaɗai mai sa musu ido: ya karanta ma'aunin zafi da safe, ya karanta da yamma, ya rubuta a takardar da ke manne a ƙofa. Abin da ya faru tsakiyar dare ko ranar hutu, takardar ba ta san shi ba.

A 1996 aka fara manna wa kwalaben rigakafin shan inna wata ƴar alama mai canza launi idan zafi ya daɗe a kansu. Sai dai alamar ba ta nuna daskarewa, alhali allurai irin su Penta da ta ciwon hanta da ta tetanus daskarewa ce ke kashe ƙarfinsu. Kwalbar da ta daskare ta narke tana iya shiga hannun ma'aikaci bai sani ba, a yi wa yaro allura, uwa ta koma gida da kati cikakke, yaron kuwa ba shi da kariya.

Don toshe wannan kafa aka ƙirƙiro ƙananan na'urori masu rajistar kwana 30, kamar Fridge-tag 2 ta kamfanin Berlinger na ƙasar Suwis. Manhajarta tana bin ƙa'idodi biyu: ta yi gargaɗi idan zafi ya wuce digiri 8 har tsawon awa 10 a jere, ko kuma idan sanyi ya kai rabin digiri ƙasa da sifiri har tsawon minti 60. Rufaffiya ce, ba a canza mata batir. Idan wa'adinta ya cika, sabuwa ake sawa. Sababbin firigon hasken rana marasa batir, waɗanda ke tara sanyi cikin ƙanƙara da rana domin dare, da dama daga cikinsu sun wuce nan: suna rubuta yawan buɗe ƙofa, da lokutan tashin injin sanyi, da ƙarfin wutar da panno ke bayarwa, wasu kuma suna aika wannan bayani ta layin salula zuwa gunduma ko zuwa Yamai.

2.2. Pampon hasken rana

A sassa da yawa na Adar ruwan ƙasa yana da zurfi, sai an haƙa foraji na mita ɗaruruwa. Tun cikin shekarun 1990 shirin hasken rana na ƙungiyar CILSS, da kuɗin Tarayyar Turai, ya kafa pampuna a ƙauyukan Sahel, har da na Nijar. Tsakanin panno da pampon da ke cikin rami akwai akwatin sarrafawa. Shi ne ke daidaita gudun injin da ƙarfin rana, ya tsai da shi idan ruwa ya ja baya don kada ya juya a bushe, ko idan shato ya cika, ko idan yashi ya riƙe shi, ko idan akwatin kansa ya yi zafi fiye da kima. Akwatunan yanzu suna ajiye rajista. Kamfanin Lorentz na Jamus, alal misali, yana da manhajar salula mai suna PumpScanner, wadda ma'aikaci ke karanta rajistar akwatin da ita ta Bluetooth, ya kuma canza saiti.

Amfanin rajista yana cikin kwatanta kwana da kwana. Idan ruwan da ake fitarwa yana raguwa alhali hasken rana bai canza ba, dalilin yana iya zama ƙurar hunturu da ta lulluɓe panno, ko pampon ya fara cinyewa, ko kuma ruwan ƙasa ne ya sauka. Na farko tsumma da bokiti ke magance shi, na biyu sai an ciro pampo daga rami, na uku kuwa magana ce ta masana ruwa. Manhajar da ke iya rarrabe su tana hana a ɗauko mota daga Tawa a kan aikin da mai gadi zai gama cikin rabin awa.

Irin wannan fasaha ba daga waje kaɗai take zuwa ba. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar, ya ƙera na'urar ban ruwa da manomi ke kunnawa da kashewa daga nesa ta salula, aikin da ya sa aka ba shi babbar kyautar Hassan II ta ruwa a 2015.

3. Me ya sa ake sabuntawa?

Dalili na farko shi ne kuskuren rubutu. Babu manhajar da aka taɓa gwadawa a kowane hali da za ta iya samun kanta. Wani kuskuren ba ya bayyana sai rajista ta cika, wani sai wuta ta yanke daidai lokacin da ake rubutu cikin ƙwaƙwalwa.

Na biyu shi ne gargaɗin ƙarya. A ɗauka akwatin pampo yana kukan zafi kowace azahar ta bazara alhali lafiyarsa lau. Bayan mako biyu mai gadi zai daina kula da jar fitila, ranar da gargaɗin zai zama gaskiya kuma ba wanda zai motsa. Gyaran ƙa'idar gargaɗi domin ta dace da yanayin wuri babban sashe ne na sabuntawa.

Na uku shi ne agogo, kuma a nan muna da misali na kusa. Mitocin wuta da ake saya wa kati kafin amfani, masu bin tsarin STS, suna gane kowane kati mai lamba 20 ta hanyar ƙidayar mintoci da ta fara daga 1 ga Janairu 1993. Wurin da aka ware wa ƙidayar ba ya ɗaukar fiye da minti 16.777.216, wato ƙasa kaɗan da shekara 32, kuma ya cika ne ranar 24 ga Nuwamba 2024. Kafin wannan rana sai da kamfanonin rarraba wuta na Najeriya, har da KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, suka bai wa masu mita lambobi na musamman guda biyu su danna da hannunsu, don mitar ta ci gaba da karɓar kati. Haka ma ƙidayar makonni ta tauraron GPS, wadda ke komawa sifiri bayan mako 1.024, ta juya a watan Agusta 1999 da kuma ranar 6 ga Afrilu 2019, wasu tsofaffin na'urori suka riƙa nuna kwanan wata na ƙarya. Rajistar firigo da kwanan watanta ya rikice ba za ta iya faɗin ko zafin ya taɓa alluran da aka kawo jiya ne ko na watan da ya wuce ba.

Na huɗu shi ne tsaro. Duk na'urar da ke karɓar umurni daga nesa, wanda ba a yarda da shi ba ma yana iya gwada aika mata. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan ƙananan na'urori a duniya, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta waɗanda masu na'urorin ba su taɓa canzawa ba.

4. Hanyoyin sabuntawa

Idan muka duba na'urorin da muka ambata, za mu ga sun kasu uku. Akwai rufaffu, waɗanda sabunta su shi ne maye gurbinsu. Abin da suke bukata shi ne a san ranar ƙarewar wa'adinsu, a tanadi madadinsu tun da wuri. Akwai waɗanda sai ma'aikaci ya je da kansa da kwamfuta ko salula ko kile USB. Wannan hanya tana cin mai da lokaci, amma mai gyara yana tsaye lokacin da na'ura ke sake tashi. Akwai kuma waɗanda ake aika wa sabuwar manhaja ta rezo daga ofishin kamfani, wanda yana iya zama a Yamai, kimanin kilomita 550 daga Tawa, ko ma a wata nahiya.

Hanya ta uku ta fi sauƙin kuɗi, ita ce kuma ta fi bukatar hattara. Aikin yana da matakai: na'ura ta sauko da sabuwar manhaja guntu-guntu, ta tabbatar ba a rasa kome a hanya ba, ta rubuta ta cikin ƙwaƙwalwa, sa'annan ta kashe kanta ta sake tashi. Lokacin rubutun ne mafi haɗari. Idan ƙwaƙwalwar wuri ɗaya gare ta, sai an share tsohuwar kafin a rubuta sabuwa, kuma wuta ta yanke a tsakani, na'urar ta rasa duka biyu. Ba ta tashi, ba ta kuma iya karɓar gyara daga nesa, tun da manhajar da ke kama rezo tana cikin abin da aka share.

5. Yadda yanayin Adar ke ƙara haɗarin

Wutar jahar Tawa wani kaso nata daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina, duk da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a watan Nuwamba 2018. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar sakamakon takunkumin CEDEAO, ba ta maido da ita ba sai a watan Maris 2024. Na'urar da ke kan panno ma ba ta tsira ba: akwatin pampo marar batir yana mutuwa da faɗuwar rana, hadari ko guguwar ƙura kuma na iya rage masa wuta cikin ƴan mintoci. Rezo shi ma yana raguwa yayin da aka nausa arewa daga Tawa zuwa wajen Takanamat da Cintabaradan, inda saƙo kan yanke sau da yawa kafin ya kammala.

Wani abin da ya faru nesa da mu yana nuna girman matsalar. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika wa abokan cinikinsa sabuntawa ta manhajarsa ta sa ido, duka a lokaci guda. Akwai kuskure a ciki. Kamfanin ya janye ta cikin ƙasa da awa biyu, amma kafin nan kwamfutoci kimanin miliyan 8 da rabi, bisa ƙiyasin Microsoft, sun kasa tashi. Aka soke tashin jirage, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna. Da yawa daga cikinsu sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka gyara da hannu. Waɗannan kwamfutocin ofis ne, masu gyaransu suna kusa da su. A arewacin Adar, cikin rani, lokacin da mutane da garken dabbobi suka dogara ga foraji guda, akwatin da ya ƙi tashi sai ya jira a sami mota, da mai, da ma'aikacin da ya san wannan samfurin, mata da yara kuwa sun koma rijiyoyi masu nisa.

Akwai kuma lahanin da ba ya tsai da na'ura. Sabuwar manhaja tana iya mai da saiti yadda ya fito daga masana'anta. Pampon da aka saita ya jira minti 30 bayan ruwa ya ja baya, sai ya koma tashi bayan minti 5, yana tsotsar iska har ya lalace. Tana iya share tsohuwar rajista, ko ta canza yadda ake lissafin abu, har a ɗauka ruwa ne ya ragu alhali ma'aunin ne ya sauya.

6. Sharuɗɗan sabuntawa mai kyau

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da sharuɗɗa bakwai da ya kamata mai sayen na'ura, ko hukuma ce ko ƙungiya ko kamfanin da aka damƙa wa kula da ruwan gari, ya nema kafin ya sa hannu.

Na ɗaya, rumbu biyu. Ƙwaƙwalwar ta kasance da wuri biyu, a rubuta sabuwar manhaja a ɗaya, tsohuwar tana zaune a ɗayan, kamar yadda manomi ba ya rushe tsohon rumbu kafin sabo ya bushe. A cikin na'urar kuma a sami ɗan agogo mai gadi: idan sabuwar ba ta ba da alamar lafiya cikin ƙayyadadden lokaci ba, ya kashe na'urar ya tashe ta da tsohuwar.

Na biyu, hatimi. Na'urar ta ƙi duk manhajar da ba ta ɗauke da hatimin lissafi na mai ƙera ta, ta kuma ƙi wadda ta iso da giɓi.

Na uku, kashi-kashi. A fara da na'urori kaɗan da ke kusa, a ce cikin birnin Tawa da Kalfu, a jira mako biyu ko uku, sa'annan a wuce zuwa Keita da Abalak da abin da ya yi gaba. Wanda ya fi nisa shi ne na ƙarshe.

Na huɗu, lokaci. Ba a taɓa firigo a jajibirin gangamin rigakafi ko ranar da aka kawo alluran wata. Ba a taɓa pampo a tsakiyar bazara sai dole. Damina, lokacin da tafkuna ke da ruwa, ta fi dacewa, kuma da hantsi, shato yana cike. Sabuntawar da ba ta gyara wata matsala da aka sani ba tana iya jira. Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyar, a kwafi saiti da rajista kafin a fara, a kwatanta su bayan an gama.

Na shida, sanarwa. Majo na cibiyar kiwon lafiya da mai gadin foraji su san ranar, su san abin da zai canza a fitilu ko a allo, su san wanda za su kira. Lambar manhajar da ke cikin na'ura ta kasance a rubuce cikin littafin gyara. Tun da yake ba kowane mai gadi ke karanta Faransanci ba, ma'anar kowace fitila da kowace lambar lahani ta kasance a manne a jikin akwati da Hausa, da boko da ajami, da kuma Tamajak ko Fulatanci inda ake bukata.

Na bakwai, yarjejeniya. A rubuta shekarun da mai sayarwa zai ci gaba da sabunta manhajar, da wanda zai biya kuɗin layin salula bayan shirin da ya kawo na'urar ya rufe, da wanda ya mallaki bayanan da aka tara. A kuma tambayi irin layin da na'urar ke kamawa, domin wasu ƙasashe sun riga sun rufe tsohon layin 2G, kamar yadda kamfanin AT&T ya yi a Amurka a farkon 2017, kuma ba manhajar da ke iya mai da tsohon modam sabo.

Kammalawa

Mun ga cewa manhajar sa ido tana cike giɓin da takardar safe da yamma ta bari, kuma ita kanta tana tsufa, tana bukatar gyara. Mun ga kuma cewa gyaran daga nesa yana iya taɓa na'urori masu yawa a lokaci guda, alhali warware ɓarnarsa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya a kan hanyoyin Adar. Saboda haka muke ganin cewa ikon komawa ga tsohuwar manhaja ya kamata ya shiga cikin takardar sharuɗɗan saye, daidai da ƙarfin panno da girman shato.

Aikin farko da muke ba da shawara ba ya bukatar kuɗi masu yawa: kowace gunduma ta yi jerin na'urorinta, da samfurin kowace, da lambar manhajarta, da hanyar da ake sabunta ta, da sunan ofishin da ke da alhakin amsa gargaɗinta. Ɗaliban jami'ar Djibo Hamani ta Tawa suna iya taimakawa wajen wannan ƙidaya a lokacin koyon aiki, tare da ma'aikatan lafiya da na ruwa. Kalmomin da muka kawo a sashe na 1 kuwa shawara ce; muna fatan masu gyara da malaman harshe za su gwada su a wurin aiki, su gaya mana waɗanda suka zauna a bakin jama'a da waɗanda ya kamata a sake.